Idan Tafiya Ta Fara Gagarar Dattijo: Abin Da Ya Kamata Ka Sani Kan Tsukewar Hanyar Laka

Mai karatu, ko ka lura da yadda Baba yake tafiya masallaci a 'yan watannin nan? A da daga ƙofar gida har sahun farko ba ya tsayawa. Yanzu kuwa sai ya yada zango sau biyu, ya zauna a bencin mai shayi, ya ƙara zama a dakalin maƙwabci, in ka tambaye shi ya ce gaisawa kawai yake yi. Ko kuwa Hajiya ce, ta shiga kasuwar Mile 12 ko ta Agege, kafin ta kai rumfar masu tumatir ta fara neman kujera, tana cewa ƙafafun sun yi nauyi kamar an ɗaura musu duwatsu. Da ta zauna minti biyar sai ta miƙe garau, amma ba ta yin nisa abin ya dawo.

A gidajenmu akan ce tsufa ne, ko sanyi, ko basir. Wani lokacin har a fara zargin sammu. Sai dai akwai wata larura da ta shahara a wajen likitocin ƙashi da na laka wadda take zuwa da wannan siffa, wato tsukewar hanyar laka a ƙashin baya. Tana cikin manyan dalilan da ke kai waɗanda suka haura shekara 65 ga tiyatar baya. Idan an gane ta da wuri, akwai abubuwa da yawa da za a yi mutum ya ci gaba da takawa da ƙafarsa. Idan aka yi sakaci kuma, sai dattijo ya daina fita, ya bar jam'i, ya bar kasuwa da zumunci, jiki ya yi rauni, sauran cututtuka irin su suga da hawan jini su samu ƙofa.

Yadda Ƙashin Baya Yake

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 da aka jera ɗaya bisa ɗaya: 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari ke manne, 5 a tsatso, sannan sauran da suka haɗe da juna a ƙasan ƙugu. Kowane ƙashi yana da rami a bayansa, kuma da aka jera su sai ramukan suka zama doguwar hanya kamar bututu. Ta cikin wannan bututu laka ta sauko daga ƙwaƙwalwa, tana ɗauke da saƙo zuwa gaɓoɓi, tana kuma mayar da saƙon ji zuwa sama.

Lakar kanta tana ƙarewa ne a wajen ƙashi na farko ko na biyu na tsatso. Daga nan zuwa ƙasa jijiyoyi ne suke zuba a jere kamar gashin jelar doki, kuma haka ma likitoci suke kiran su. Waɗannan jijiyoyi su ke kula da mazaunai, cinyoyi, ƙafafu, mafitsara, dubura da al'aura. A nan ya kamata a bambance, domin a Hausa kalmar jijiya ɗaya ce: akwai jijiyoyin jini, akwai kuma jijiyoyin laka masu kai saƙo. Na biyun muke magana a kansu.

Me Ke Tsuke Hanyar?

Mafi yawanci shekaru ne. Tsakanin kowane ƙashi biyu akwai wani faifan guringuntsi mai laushi da ke aiki kamar matashi. Da shekaru suka ja, sai ya bushe, ya lotsa, ya bultso ta baya zuwa cikin bututun. Ƙananan gaɓoɓin da ke haɗa ƙasusuwan ta baya su ma sukan kamu da amosani, su yi kauri, su fitar da tsiron ƙashi. Akwai kuma wani tantani mai kama da roba da ya shimfiɗu a bangon bututun ta baya, shi ma yakan yi kauri ya naɗe zuwa ciki. Idan waɗannan uku suka haɗu, sai filin da jijiyoyi ke wucewa ya ragu ta gaba da ta baya da gefe. Wurin da abin ya fi faruwa shi ne tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar na tsatso.

A wasu mutanen, musamman mata da suka manyanta, ƙashi ɗaya ne yake ɗan zamewa gaba a kan na ƙasansa, sai hanyar ta karkace. Wasu kuma da ƙaramar hanya aka haife su, shi ya sa sukan fara jin alamun tun suna shekara talatin ko arba'in. Tsohon rauni na haɗarin mota ko faɗuwa, tsiro, da tarin fuka da ya kama ƙashin baya su ma suna iya matse jijiyoyin, ko da yake ba su kai shekaru yawa ba.

Abin Da Ya Sa Tafiya Ce Ke Tayar Da Ciwon

Wannan shi ne sirrin gane larurar. Faɗin bututun ba ya zama daidai a kowane lokaci. Idan ka miƙe tsaye ko ka ɗan gantsare, bututun yana ƙara tsukewa. Idan ka zauna ko ka sunkuya gaba, yana buɗewa. Ga mai lafiya wannan canji ba ya komai, domin akwai sauran fili. Ga wanda hanyarsa ta riga ta tsuke kuwa, tsayuwa da tafiya suna matse jijiyoyin tare da ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su, a daidai lokacin da suke buƙatar ƙarin jini saboda aiki. Wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ɗan ƙasar Holan, Henk Verbiest, shi ne ya yi fice wajen bayyana wannan alaƙa a rubutunsa na shekarar 1954.

Don haka mai larurar yakan ji ciwo, nauyi, zafi, dindiris ko wani abu kamar tafiyar kiyashi, ya fara daga mazaunai ya sauka cinya har ƙafa, sau da yawa a ɓangarorin biyu. Wani zai ce maka ƙafafun ne suke mutuwa, wani ya ce kamar a kan auduga yake takawa. Ciwon baya yana iya kasancewa, amma sau da yawa na ƙafa ya fi damun mutum.

Ga wasu abubuwa da za ka iya lura da su a gida:

Yana jin sauƙi idan ya jingina a kan baro, ko keken sayayya na kanti, ko ya dafa teburi. Yana iya tuƙa keke ya yi nisa, alhali tafiyar minti goma ta gagare shi. Hawa gadar masu tafiya a ƙasa ta Oshodi ko Ojota ya fi masa sauƙi a kan saukowa, domin mai hawa sunkuyawa yake yi, mai saukowa kuma gantsarewa. A salla, doguwar tsayuwa irin ta tarawihi ko tahajjud ce ke wahalar da shi, amma da an yi ruku'u sai ya ji sakayau. Tsayuwa a layin banki ko a gaban murhu tana tayar da ciwon ko da bai taka ko'ina ba. A hankali kuma sai ka ga ya fara tafiya a duƙe.

Cututtukan Da Ke Kama Da Ita

Ba duk ciwon ƙafa lokacin tafiya ne daga baya yake ba. Toshewar jijiyoyin jini na ƙafa ita ce ta fi kama da wannan larura, kuma ta fi samun masu shan taba, masu ciwon suga da masu hawan jini. Bambancin shi ne, a toshewar jini ciwon yakan ɗaure sha-raɓa, kuma da mutum ya tsaya cak, ko bai zauna ba, sai ya lafa. Tuƙa keke ma yana tayar da shi. Ƙafar takan yi sanyi, bugun jini a bayan idon sawu ya yi rauni, rauni kuma ya daɗe bai warke ba. A tsukewar hanyar laka kuwa tsayawa kaɗai ba ta isa, sai an zauna ko an sunkuya.

Ciwon suga da ya taɓa jijiyoyi yana kawo zafi da dindiris a tafin ƙafa da yatsu, amma shi ba ruwansa da tafiya, ya ma fi tsanani da dare a kan gado. Amosanin ƙugu yakan kawo ciwo a matsematsi, ya wahalar da mutum wajen sa safa ko tanƙwashe ƙafa. Dattijo ɗaya yana iya haɗa biyu ko uku daga cikin waɗannan, shi ya sa gwajin likita ya zama dole.

Game da basir da ake yawan ɗora wa laifi, shi kumburin jijiyoyin jini ne a dubura. Ba ya sa ƙafa ta mutu, ba ya kuma hana tafiya. Shekara biyu ana shan maganin basir saboda ciwon ƙafa asarar kuɗi ce da lokaci.

Idan A Wuya Ne

Hanyar tana iya tsukewa a wuya ma, kuma wannan ya fi haɗari, domin a nan lakar kanta ake matsewa. Alamunta su ne hannu ya rasa ƙwarewa: ɓalla maɓallin riga, jan carbi, ƙirga kuɗi ko rubutu su fara wuya, cokali ya riƙa suɓucewa. Tafiya ta zama ta tangaɗi, ƙafafu su sandare, mutum ya riƙa tuntuɓe da faɗuwa. Wani ma ba ya jin ciwon wuya ko kaɗan. Wanda ke da waɗannan alamu kada ya yarda a murɗa masa wuya ko a ja shi da sunan gyara, ya nemi likitan laka ba tare da ɓata lokaci ba, domin abin da laka ta rasa ba kullum yake dawowa ba.

Alamun Da Ba A Kwana Da Su A Gida

Mai karatu, ka riƙe waɗannan da kyau. Idan mai ciwon baya ko ƙafa ya kasa yin fitsari, ko fitsari ko bayan gida ya fara zubo masa bai sani ba. Ko ya daina jin taɓi a tsakanin cinyoyi, al'aura da kewayen dubura, misali ya yi tsarki bai ji ruwan ba. Ko ƙafa ta yi rauni farat ɗaya har yana jan ta, to a kai shi sashen gaggawa na babban asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Wannan alama ce ta cewa jijiyoyin jelar doki sun matsu sosai, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu yana iya barin mutum da larurar fitsari ta dindindin. Iyayenmu suna jin nauyin faɗin irin wannan ga 'ya'yansu, don haka a samu wanda ba sa jin kunyarsa ya tambaye su.

Haka kuma a gaggauta ganin likita idan ciwon bayan ya zo da zazzaɓi, rama, gumin dare ko ƙusumbi da ya fito sabo, domin tarin fuka na ƙashin baya yana nan a ƙasarmu, kuma yana warkewa da magani. Wanda ya taɓa yin sankara, ko ciwon ke tashinsa daga barci kowane dare, ko ya faɗi kafin ciwon ya fara, shi ma kada ya jira.

Me Za A Yi A Asibiti?

Likita zai fara da tambayoyi, kuma amsoshinku sun fi kowane hoto muhimmanci. Kafin ku je, ku auna nisan da majinyacin ke iya yi kafin ciwon ya tsayar da shi. Ku ƙirga falwaya nawa yake wucewa, ko minti nawa, da kuma minti nawa yake zama kafin ya lafa. Ku tafi da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya. Likita zai gwada ƙarfin ƙafa, ji, da bugun jini a sawu. Kada ku yi mamaki idan a kwance aka ga komai daidai, haka larurar take, sai an tashi tafiya take nuna kanta.

Hoton ƙashi na eksire yana nuna zamewar ƙashi da amosani, amma ba ya nuna jijiyoyi. Hoton MRI shi ne ke nuna inda hanyar ta tsuke da yadda ta tsuke. Wanda ba zai iya shiga na'urar MRI ba, kamar mai ɗauke da wasu na'urorin bugun zuciya, akan yi masa hoton CT. Sai dai a sani, dattawa da yawa da ba sa jin ciwon komai, idan aka ɗauke su hoto za a ga tsukewa. Saboda haka kada takardar sakamako ta firgita ka. Mutum ake yi wa magani, kuma sai hoton ya dace da alamun ake aiki da shi.

Akwai ƙwararru a asibitocin ƙashi na ƙasa da ke Igbobi a Legas, Dala a Kano da kuma Inugu, da asibitocin koyarwa irin su UCH a Ibadan da LUTH a Idi-Araba, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Mai inshorar lafiya ya tambayi abin da tsarinsa ya ɗauka kafin ya biya kuɗin hoto daga aljihunsa.

Maganin Da Ba Tiyata Ba

Ga labari mai daɗi: tsukewar da ke tsatso ba kasafai take gurgunta mutum ba, kuma a wajen mutane da yawa takan tsaya a yadda take shekara da shekaru. Shi ya sa ake farawa da motsa jiki a ƙarƙashin kulawar likitan fisiyo. Kwanciya ba magani ba ce, tana ƙara raunana tsoka ne.

Daga cikin abin da akan koyar akwai kwanciya rigingine a jawo gwiwoyi zuwa ƙirji a riƙe na daƙiƙa 20 zuwa 30, da zama a kujera a sunkuya gaba a hankali, da atisayen ƙarfafa tsokar ciki da ta mazaunai. Keken motsa jiki na cikin gida yana da amfani sosai. Tafiya kuma a rarraba ta: a taka, a zauna kafin ciwon ya yi tsanani, a sake tashi. Sannu ba ta hana zuwa. Mai raunin ƙashi ko wanda ya taɓa karaya a baya kada ya fara sunkuye-sunkuye sai da izinin likita.

Rage ƙiba yana rage gantsarewar tsatso. Barin taba yana taimakon jijiyoyi da ƙashi. A kwanta ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, ko rigingine da matashi a ƙarƙashinsu. Mai girki ta ɗora ƙafa ɗaya a kan 'yar kujera ko ta nemi doguwar kujera ta zauna. Sanda ko keken dafawa mai wurin zama ba abin kunya ba ne, shi ne ke mayar da mutum cikin jama'a.

A yi hattara da magunguna. Ibuprofen da diclofenac suna rage ciwo, amma shan su kullum yana jawo gyambon ciki, yana lalata ƙoda, yana kuma tayar da hawan jini, musamman ga tsofaffi. Tramadol yana sa jiri da faɗuwa, kuma jiki yana sabawa da shi. Haɗe-haɗen ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda a kemis ko a tasha sau da yawa suna ɗauke da sitiroyid, wanda ke kumbura fuska, ya tayar da suga, ya kuma rarake ƙashi. Allurar da ƙwararru ke yi a baya tana iya ba da sauƙi na 'yan makonni, amma ba ta buɗe hanyar. Ƙaho, tsaga da sakiya ba sa kaiwa inda matsalar take, kuma ga mai ciwon suga suna iya barin gyambo.

Yaushe Ake Tiyata?

Ana maganar tiyata ne idan an yi watanni ana motsa jiki da magani amma tafiya sai raguwa take yi, ko ƙafa na ƙara rauni, ko kuma alamun gaggawa sun bayyana. Aikin shi ne a cire ɓangaren ƙashi da tantanin da ke matse jijiyoyin domin a buɗe musu fili. Ya fi magance ciwon ƙafa da gajeriyar tafiya fiye da ciwon bayan kansa. Kamar kowace tiyata, yana da haɗarinsa: zubar jini, shigar ƙwayoyin cuta, yagewar rigar laka, ko buƙatar sake aiki bayan shekaru.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2015 ya kwatanta waɗanda aka yi wa tiyata da waɗanda aka fara da fisiyo, ya ga bayan shekara biyu sakamakonsu ya yi kusa da juna, ko da yake fiye da rabin 'yan rukunin fisiyon sun koma an yi musu tiyatar daga baya. Darasin shi ne, fara wa da fisiyo ba asara ba ce, kuma wanda bai samu sauƙi ba ƙofar tiyata a buɗe take. Wani binciken na ƙasar Suwidin a 2016 ya nuna cewa ƙara ɗaure ƙasusuwa da ƙarfe bai fi buɗe hanyar kaɗai amfani ba ga yawancin majinyatan da aka gwada. Don haka idan an ce za a sa ƙarfe, ka tambayi dalili cikin ladabi, kuma ba laifi ka ji ra'ayin likita na biyu.

Nauyin Da Ke Kan Iyali

Kada a ce wa dattijo ragwanci ne don an gan shi yanzu yana kuka da ƙafa, an jima kuma yana zaune yana raha. Haka ciwon yake. A ajiye masa kujera a hanyar da ya saba bi, a tsakar gida da bakin shago. A gyara banɗaki, a sa maƙari a bango, a samar da masai na zama, a kawar da tabarmi da wayoyin da ke harɗe ƙafa, a sa fitila a hanyar da yake bi da asuba.

A ɓangaren ibada, malamai sun yi bayanin cewa wanda tsayuwa ta gagare shi yana iya salla a zaune, don haka 'yar kujera a gefen sahu ta fi barin jam'i. Mai niyyar Hajji ko Umara ya ga likita watanni kafin tafiya, domin sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai kusan kilomita 3, ban da ɗawafi da tafiyar jifa. Akwai kekunan turawa a Harami, a sa kuɗinsu cikin lissafin guzuri tun daga gida.

Kai kuma da kake da sauran ƙarfi, ɗan kasuwa ne kai, direba, tela ko ma'aikacin ofis, ka saba wa jikinka da tafiya da motsi tun yanzu, ka kula da nauyinka, ka durƙusa da gwiwa idan za ka ɗaga kaya. A wannan makon kuma, ka raka Baba masallaci ko ka bi Hajiya kasuwa, ka ƙirga sau nawa suka nemi wurin zama. Idan abin da ka gani ya yi kama da abin da ka karanta a nan, ka yanki kati a asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya kuma ba mu ikon kula da iyayenmu.